Waiwaye: Gishirin Jini da Maganin Digoxin

A 1785 likitan Ingila William Withering ya wallafa bincikensa kan tsiron dijitalis da yake bai wa masu kumburin jiki, tsiron da ake samun maganin zuciya na digoxin daga gare shi. Tun a lokacin ya lura cewa tsakanin warkarwa da guba tazarar kaɗan ce: amai, ganin abubuwa rawaya-rawaya, bugun zuciya ya ragu. Har yau alamomin da ake sa wa ido ke nan a ɗakunan jinya.

A 1883 Sydney Ringer ya nuna a Landan cewa zuciyar kwaɗo ba ta daɗewa tana bugawa a ruwan gishiri zalla, sai an haɗa da kalsiyam da fotashiyam, waɗanda nau'o'in gishirin jini ne, daidai gwargwado. An tace digoxin a 1930. A 1953 wani masani mai suna Schatzmann ya gano irin wannan magani yana tare shige da ficen gishiri a ƙwayoyin jini, sannan a 1957 Jens Skou na Denmak ya gano famfon da ke wannan aiki a jijiyar ƙaguwa.

Famfon nan yana fitar da sodiyam 3 (sinadarin da ke cikin gishirin abinci) daga ƙwayar tsokar zuciya, ya shigar da fotashiyam 2. Digoxin yana maƙalewa ne a gefensa na waje, inda fotashiyam ke kamawa, don haka kishiyoyi ne. Idan ya tare famfon, sodiyam ya taru a ciki, kalsiyam ya biyo baya, bugun ya ƙara ƙarfi. Amma fotashiyam na sauka ƙasa da 3.5 mmol a lita, sai maganin ya sami fili ya kama fiye da kima, ko da ba a ƙara awo ba.

A nan ake yin ɓarna. Mai ciwon zuciya yakan sha Lasix, maganin sa fitsari, tare da digoxin, shi kuwa Lasix yana zubar da fotashiyam da maginiziyam ta fitsari. In gudawa ko raunin ƙoda ya shigo, sai a kwana a asibiti. Kanwa ba ta cike gurbin fotashiyam ɗin da ya zube, domin sodiyam ne ya fi yawa a cikinta, kumburi kawai take ƙarawa.

Ana ɗibar jinin auna digoxin bayan aƙalla awa 6 da shansa, ana neman 0.5 zuwa 0.9 nanogiram a mililita. Kada a ƙara wa majinyaci fotashiyam da ka, domin wanda ya sha maganin da yawa a lokaci guda, fotashiyam ɗin jininsa hauhawa yake yi.