Shugaban sa-kai ma ana tuhumarsa

An daɗe ana ɗauka cewa mai shugabantar ƙungiyar masu buƙata ta musamman ko masu lalurar ƙwaƙwalwa ba a tuhumarsa, tunda don Allah yake yi, ba albashi. Ba haka ba ne. A Najeriya, dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa amintattun duk ƙungiyar da ke da rajista da hukumar rajistar kamfanoni (CAC) miƙa rahoto kowace shekara, kuma a lokacin ta ba hukumar ikon dakatar da su idan suka yi almundahana.

Matsalar galibi daga kuɗi take farawa: gudummawa ta shiga asusun shugaba na kansa, babu rasit. A buɗe asusu da sunan ƙungiya, mutum biyu su riƙa sa hannu. Sunayen marasa lafiya da hotunansu kuwa, kada a tura su zauren WhatsApp sai da izininsu.