Kwantinite: abin da ƙarar mita take nufi

In ka taɓa zama a rumfar masu gyaran fanka da rediyo a kasuwar Garwa, ka ji maigida yana ce wa yaronsa, "Kai, duba mini kwantinite." Kalmar daga Faransanci ta zo. Abin da take nufi a wajensu: shin wuta za ta iya bi daga nan zuwa can, ko hanya ta yanke?

Da mita ake gwajin, wato 'yar na'urar auna wuta ta masu gyara, mai wayoyi biyu. Baƙar waya a ramin COM, ja a ramin da ke da alamar Ω, sai a murɗa mita zuwa alamar da ta yi kama da amon sauti. A fara haɗa bakin wayoyin biyu. In ta yi "tiii", mitar lafiya lau. Ita da kanta take tura 'yar wuta daga batirinta, galibi mai bolt 9, ta ga ko za ta dawo. Shi ya sa dole a zare abin da za a gwada daga soket tukuna. Wutarmu 220 ce, ba ta san wasa ba.

Fiyus mai kyau zai yi ƙara. Wanda ya ƙone kuwa shiru, fuskar mita ta nuna OL, wasu ƙananan mitoci su nuna 1 a gefen hagu. Wayar da ta karye a cikin roba ta fi wayo: ɗora wayoyin mita a bakinta biyu, ka riƙa lanƙwasa ta kusa da filogi, za ka ji ƙarar tana zuwa tana ɗaukewa.

Inda sababbin hannu suke faɗawa rami shi ne ɗaukar shiru a matsayin mutuwa. Yawancin mitoci ba sa ƙara sai turjiya, wato yadda abu yake tare wuta, ta gaza om 30 zuwa 50; om shi ne ma'auninta. Dutsen guga mai wat 1000 kuwa turjiyarsa wajen om 48 ce, don haka wata mitar ta yi ƙara, wata ta yi gum, alhali dutsen garau yake. Naɗin wayar fanka ya fi haka yawa nesa. A ganina, wanda bai kalli lambar da ke fuskar mita ba bai gama gwaji ba.

Ƙarar ma ba kullum ce albishir ba. Zare wayar jona daga bango, kada a bar komai a jikinta, ka taɓa ƙafafun filoginta biyu da wayoyin mita. In ta yi "tiii", wayoyin ciki sun haɗe, kada ka mayar da ita soket.