Waiwaye: Wasan Rose Bowl, daga bikin furanni zuwa kasuwar talabijin

Kowace shekara ranar 1 ga Janairu, hankalin masu son ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a hannu ana gudu da ita, yana komawa garin Pasadena na jihar Kalifoniya. Nan ake buga Rose Bowl, kakan duk wasannin rufe kaka na jami'o'in ƙasar. Idan ranar ta faɗo Lahadi, sai a ɗaga zuwa Litinin. Masu kallon ƙwallon ƙafa ma sun san filin, don a nan Brazil ta doke Italiya da bugun fenareti a wasan ƙarshe na kofin duniya na 1994.

Asalin abin biki ne. Tun 1890 mutanen Pasadena ke jerin gwano da kekunan doki da aka lulluɓe da furanni, suna nuna wa 'yan gabas masu fama da dusar ƙanƙara cewa su lambunsu na fure a tsakiyar hunturu. A 1902 aka ƙara da ƙwallo don jawo jama'a. Jami'ar Michigan ta yi wa Stanford dukan kawo wuƙa, 49 da nema, har Stanford ta nemi a tashi saura minti takwas. Masu shirya biki suka watsar da ƙwallo, suka koma tseren kekunan doki.

Sai 1916 wasan ya dawo. Jami'ar Washington State ta ci jami'ar Brown 14 da nema, kuma cikin 'yan Brown akwai Fritz Pollard, baƙar fata na farko da ya buga wasan, a zamanin da wariyar launin fata ke tashe. A 1923 aka koma sabon filin da ake amfani da shi har yau. Da sauran garuruwa suka ga abin ya karɓu, suka ƙirƙiro nasu: Orange Bowl da Sugar Bowl a 1935, Cotton Bowl a 1937.

Sau biyu wasan ya bar gida. Bayan harin da Japan ta kai wa sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor, an ji tsoron tara jama'a a gaɓar yamma, sai aka kai na 1942 garin Durham a North Carolina, inda Oregon State ta doke Duke 20 da 16. Na 2021 kuma annobar korona ce ta kora shi Texas.

Darajarsa ta kafu ne daga 1947, lokacin da aka yi yarjejeniya zakaran rukunin jami'o'in gaɓar yamma ya riƙa karawa da zakaran rukunin da ake kira Big Ten, wanda ya haɗa jami'o'in jihohi irin su Ohio da Michigan. Yaro a Ohio ko Michigan yana tasowa da burin nan guda, ya je Pasadena.

A ganina wannan gadon ne aka yi sakaci da shi, kuma abin takaici ne. Kuɗin talabijin ya wargaza Pac-12, wato rukunin jami'o'in gaɓar yamma, a 2024, jami'o'in USC da UCLA da Oregon da Washington suka koma Big Ten. A shekarar kuma aka faɗaɗa gasar neman zakaran ƙasa zuwa ƙungiyoyi 12, Rose Bowl ya zama zango a hanya. Ranar 1 ga Janairun 2025, a matakin kwata fainal, Ohio State ta ci Oregon 41 da 21, dukansu 'yan Big Ten ne.