Na'urar Auna Suga Ta Damtse: Yaushe Za A Yarda Da Ita, Yaushe Za A Soki Yatsa?

A Kaduna ma an fara ganin ɗan farin faifan nan da masu ciwon suga ke mannawa a bayan damtse, su kara waya ko su duba fuskarta su ga lambar sugansu ba tare da sukar yatsa ba. Wasu a manyan kemis suke saye, wasu 'yan uwa ne ke aiko musu daga waje ko su yo musu tsaraba daga Umara. Tun da ta shigo hannun jama'a, tambayoyin da ake yi a kanta kusan iri ɗaya ne, kuma duk suna komawa ga abu guda: lambar nan da take nunawa, gaskiya ce?

Jini take aunawa kamar mitar da muka saba da ita?

Ba jini take aunawa ba, kuma yawancin rikicin da ake yi da ita daga nan ya samo asali. Idan an manna ta, wani siririn zare yana shiga ƙarƙashin fata, a irin FreeStyle Libre tsawonsa kusan milimita 5, ya zauna cikin ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin nama. A jikin zaren akwai sinadarin da in ya haɗu da sukari yake haifar da 'yar ƙaramar wutar lantarki, sai na'urar ta juya ƙarfin wutar zuwa lamba. Libre na kamfanin Abbott, wadda ta fito a Turai a 2014, tana yin kwana 14 a jiki. Na kamfanin Dexcom kuwa, G6 da G7 na asali, kwana 10 suke yi.

Sukari kuwa jini yake fara shiga, daga baya ya tsattsafo cikin wancan ruwan. Tsakaninsu akan sami jinkirin minti 5 zuwa 15. Ruwan da aka sheƙa a tsaunukan Jos ba nan take yake cika Kogin Kaduna ba, sai ya gangaro. Idan suga na zaune wuri ɗaya, jinkirin ba ya cutar da kowa. Amma bayan an tashi daga kan malmalar tuwon shinkafa da kofin kunun zaƙi, ko bayan allurar insulin ta fara aiki, na'urar tana ba ka labarin inda kake ɗazu ne.

Shi ya sa kibiyar da ke gefen lambar ta fi lambar kanta muhimmanci. A Libre, kibiyar da ta miƙe ƙasa sak tana nufin suga na sauka fiye da maki 2 a kowane minti. Wanda ya ga 90 da irin wannan kibiya, yana shirin ɗaukar mota zuwa Zariya, kada ya ce ai 90 lafiya lau ce. Mai yiwuwa jininsa ya riga ya kusa 70.

Na soki yatsa mita ta ce 140, ta damtse ta ce 118. Wacce ke ƙarya?

Wataƙila babu ko ɗaya. Mutane sun ɗauka mitar yatsa ita ce alƙali, alhali ita ma an yanka mata iyakar kuskuren da aka yarda da shi. Ƙa'idar duniya ta 2013 da ake auna mitoci da ita ta ce kashi 95 cikin 100 na sakamakon mita su faɗo cikin kashi 15 sama ko ƙasa da na ɗakin gwaji, idan suga ya kai 100 ko fiye, ko cikin maki 15 idan bai kai 100 ba. Ke nan idan ainihin suganka 130 ne, mita mai kyau za ta iya cewa 112, ta iya cewa 148, ba ta yi laifi ba. Na'urorin damtse na yanzu kuma, a gwaje-gwajen da kamfanoninsu suka wallafa, matsakaicin kaucewarsu daga na ɗakin gwaji yana wajen kashi 8 zuwa 10 cikin 100. Matsakaici fa aka ce. Wata lambar za ta zo daidai cif, wata ta kauce ninki biyu na hakan.

Ma'aunin da ake yawan amfani da shi a gida shi ne na 20: idan bambancin bai wuce kashi 20 cikin 100 na lambar mita ba, ko maki 20 lokacin da suga ke ƙasa, to sun yi kusa da juna yadda ake so. Tsakanin 140 da 118 maki 22 ne, kashi 20 na 140 kuwa 28 ne. Babu abin tayar da hankali.

Sai dai a yi kwatancin bisa adalci. A yi shi lokacin da kibiya ke kwance, ba bayan cin abinci ko tafiyar ƙafa mai nisa ba. A wanke hannu da sabulu a bar shi ya bushe, don wanda ya gama ɓare dabino ko shan mangwaro ya soki yatsa haka nan, zaƙin da ke fatarsa zai auna. A duba sitirif ɗin mitar ma, wato ɗan tsinken da ake ɗiga wa jini, ko ya wuce wa'adi, ko an bar kwalbarsa a buɗe. Akwai kuma ruɗanin ma'auni: na'urar da aka sayo daga Ingila za ta nuna 7.8 inda mitar nan gida ke nuna 140. Abu ɗaya ne, a ninka ƙaramar lambar sau 18.

Da tsakar dare sai ta yi ta ƙara wai sugana ya faɗi, ni kuwa ban ji komai ba. Me ke kawo haka?

Yawanci kwanciya ce a kanta. Idan nauyin jiki ya danne damtsen, jini na raguwa a wurin, sukarin da ke kaiwa ga zaren ya ragu, na'urar ta ɗauka duk jikin ne ya faɗi. Ana gane shi a zanen layin: zai zube ƙasa farat ɗaya, sannan da mutum ya juya ya dawo inda yake cikin 'yan mintoci, ba tare da an ci komai ba. Mai kwanciya a tabarma ko katifa mai tauri ya fi haɗuwa da shi. Maganinsa a manna ta a hannun da ba a cika kwanciya a kansa ba.

Amma "ban ji komai ba" ba hujja ba ce. Wanda ya daɗe da ciwon suga, musamman mai allurar insulin ko mai shan ƙwayoyi irin glibenclamide, jikinsa kan daina ba shi alamar faɗuwa. Ba rawar jiki, ba zufa, sai dai a tsince shi. Irin wannan mutumin shi aka fi yi wa ƙararrawar. Don haka idan ta yi ƙara, a tashi a soki yatsa. In an ga ƙasa da 70, a sha abu mai zaƙi, kamar cokalin cin abinci ɗaya na sukari a ruwa ko rabin kofin lemon kwalba, a jira minti 15 a sake gwadawa. Wannan gwaji na biyu ma da yatsa za a yi shi, domin ta damtse za ta ci gaba da nuna ƙasa bayan jini ya riga ya farfaɗo, mutum ya yi ta ɗurawa kansa zaƙi har ya wayi gari da 300.

Me ya sa ranar farko take ta shirme?

Fata ta ji rauni, ko da ƙanƙani ne, kuma jiki na kai wa wurin ɗauki. Libre na buƙatar awa 1 kafin ta fara ba da lamba, G6 awa 2, G7 minti 30, amma sukan ɗauki yini guda kafin su daidaita sosai. A wannan ranar a riƙa tabbatarwa da yatsa kafin a yanke shawarar yawan allura.

Akwai magungunan da ke ruɗa ta?

Akwai, kuma wannan shi ne ɓangaren da na ga an fi sakaci da shi a wajenmu, inda mutum ke shiga kemis ya haɗo magani ba tare da ya faɗa wa kowa ba. Kowace na'ura da abin da ke ruɗa ta.

Bitamin C mai yawa yana sa Libre ta nuna lamba sama da gaskiya. Ga Libre 2, kamfanin ya yi gargaɗi kan abin da ya wuce miligiram 500 a rana. Lemo ɗaya ko biyu ba su kai nan ba, amma ƙwayar nan da ake jefawa a ruwa tana tafasa, wadda ake rububinta da hunturu saboda mura, sau da yawa guda ɗaya miligiram 1000 ce. Haɗarin a bayyane yake: suga na ƙasa, na'ura na cewa lafiya.

Farasitamol kan ɗaga lambar tsofaffin na'urorin Dexcom da wasu na kamfanin Medtronic. G6 da G7 an gyara su, suna jure har giram 1 duk bayan awa 6. Wanda zazzaɓi ya kwantar, yana shan Panadol yana kuma haɗawa da maganin mura da shi ma akwai farasitamol a ciki, zai iya zarce wannan bai sani ba. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani shi kansa yana faɗar da suga, haka ma kwinin, don haka kwanakin jinya kwanakin yatsa ne.

Na ukun ya fi shafar mu a Arewa. Hydroxyurea, maganin da ake ba masu sikila don rage musu tashin ciwo, yana sa na'urorin Dexcom da na Medtronic su nuna suga ya hau alhali bai hau ba. Mai sikila da ke da ciwon suga, in ya bi wannan lambar ya ƙara insulin, zai iya jefa kansa cikin faɗuwa mai muni. Duk wanda ke kan wannan magani ya faɗa wa likitansa tun kafin ya kashe kuɗi ya sayi na'urar.

Zafin Kaduna fa, ba ya lalata ta?

A jiki tana jurewa. Matsalar tana wurin ajiya, kafin a manna. Sinadarin da ke jikin zaren zafi na kashe shi, kuma kamfanonin sun ce a ajiye kwalin a inda bai wuce digiri 25 zuwa 30 ba, gwargwadon iri. A watan Maris da Afrilu kuwa garin nan na haura 35 cikin inuwa, balle cikin shago mai rufin kwano, ko but ɗin motar da ta kwaso saƙo daga Legas ta yini a hanya. Kwalin zai iso tsaf, ranar ƙarewar wa'adi da saura, amma abin da ke ciki ya riga ya sha wuya. A tambayi mai sayarwa inda yake ajiyewa. A gida, firij ya yi, ban da wurin ƙanƙara. In wuta ba ta zama, a nemi lungu mafi sanyi a ɗaki, nesa da taga. Kada a bar shi a mota ko na awa ɗaya.

Gumi kuma gam yake ci. Idan gefen faifan ya fara ɗagawa, zaren na motsi, lambobi su fara tsalle-tsalle. A manna ta a busasshiyar fata bayan wanka, a ƙara filasta a kewaye in ana yawan zufa. Da hunturu abin da ke hana ta kamawa shi ne man shafawa: fatar da aka lafta wa basilin ba ta riƙe gam. Wanka ba ya hana komai, Libre na jure ruwa har zurfin mita 1 na minti 30, alwala kuwa ba ta ma kaiwa wurin.

Zan iya dogara da ita da azumi?

Tana da amfani ƙwarai a Ramadan, don tana nuna saukar la'asar tun kafin ta yi nisa. Jagorar da Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Suga ta Duniya ta fitar tare da ƙwararru kan azumi, a 2016 da kuma sabuntawar 2021, ta ce a karya azumi idan suga ya yi ƙasa da 70 ko ya haura 300, ko mutum ya ji alamun faɗuwa ko na rashin lafiya. Ta kuma bayyana cewa sukar yatsa ba ta karya azumi. To tunda hukuncin ci gaba ko karyawa ya rataya a kan lamba, kuma ƙishirwa mai tsanani na cikin abubuwan da kamfanin Libre ya ce suna iya ɓata sakamako, idan na'urar ta kusanto ɗaya daga iyakokin nan a tabbatar da mita. In kuwa jiki na rawa, ido na duhu, ba a tsayawa jiran kowace na'ura.

Ana samun wadda ta zo a lalace tun daga kamfani?

Ana samu. A 2024 Abbott ya janye wasu rukunin Libre 3 a Amurka saboda suna nuna lamba sama da gaskiya. Can akwai hanyar sanar da masu saye a musanya musu. Wanda ya sayi tasa a hannun ɗan kasuwar da ya shigo da ita cikin jaka, ba wanda zai kira shi. Don haka a adana kwalin da lambar rukuninsa har a cire na'urar. Wadda ta yini biyu tana saɓa wa mita nesa ba kusa ba, alhali kibiya na kwance, a cire ta, kuɗin ya riga ya tafi. A kuma sani cewa Libre da aka sayo a wata ƙasa takan ƙi aiki da manhajar wayar wata ƙasar.

Agogunan hannu da zobban da ake tallatawa a Facebook wai suna auna suga ba tare da huda fata ba, waɗannan wani abu ne daban. A Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa ba ta amince da ko ɗaya daga cikinsu ba. Ni dai ban ga dalilin sayensu ba.

Da duk wannan, ta cancanci kuɗinta?

Ga mai allurar insulin sau da yawa a rana, da yaron da iyayensa ba sa barci don tsoron faɗuwar dare, da wanda jikinsa ya daina ba shi alama, ta cancanta in da hali. Mita na ba ka lamba huɗu ko biyar a yini, wannan kuwa ɗaruruwa take tarawa, kuma kuskuren lamba ɗaya yana narkewa cikin yawansu. Abin da likita zai duba a asibitin Barau Dikko ko Shika shi ne yawan lokacin da suga ya zauna tsakanin 70 da 180. Matsayar ƙwararru ta 2019 ta ce ga yawancin manya a nemi sama da kashi 70 cikin 100 na lokaci a wannan tsakanin, ƙasa da 70 kuma kada ya kai kashi 4. Ga masu sikila da waɗanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin suga na wata uku, kan ba da sakamakon da ba daidai ba, don haka wannan lissafin yakan fi yi musu amfani, muddin an kauce wa matsalar hydroxyurea.

Mai shan ƙwayar metformin kaɗai, wanda sugansa ba ya faɗuwa, ba lallai ne ya riƙa saye duk bayan mako biyu ba. Zai iya manna guda ɗaya, ya rubuta abin da ya ci da lokacin da ya ci, ya ga da idonsa abin da koko da ƙosai ke yi masa da safe da abin da fura ke yi da rana, ya kai wa likitansa. Kuma ko wane rukuni mutum yake, a lissafin kuɗin wata ya sa kwalbar sitirif a ciki.