Zangon Daji na 'Yan Kashshafa a Sudan

Zangon daji, wanda Larabawan Sudan ke kira mukhayyam ko mu'askar, fita ce da ƙungiyar matasa 'yan sikawut ke yi daga gari zuwa daji domin su kwana a tanti, su dafa abincinsu da kansu, su kuma koyi zaman tare a ƙarƙashin tsari. Hausawan Sudan, musamman na yankunan Sinnar, Gadarif, Kasala da Damazin, sun fi amfani da kalmar kashshafa, wadda suka aro daga Larabci, maimakon sikawut da aka saba ji a Nijeriya. Zango yakan ɗauki kwana biyu zuwa mako guda, kuma a wurinsa ne ake gwada abin da yaro ya koya a filin makaranta.

Asalin al'adar daga Ingila yake. A watan Agusta na 1907, wani hafsan sojan Birtaniya mai suna Robert Baden-Powell ya kai yara ashirin tsibirin Brownsea, ya raba su rukuni huɗu, ya ɗora wa kowane rukuni shugaba daga cikin yaran kansu. Wannan rabon shi ne ginshiƙin zango har yau. An kafa ƙungiyar kashshafa ta Sudan a 1935, ta kuma shiga ƙungiyar duniya a 1956, shekarar da ƙasar ta sami 'yancin kai. Tana cikin shiyyar ƙasashen Larabawa mai ofishi a Alƙahira, shi ya sa kalmomin aikin duka na Larabci ne: ƙananan yara su ne ashbal, manyan samari jawwala, ƙaramin rukuni na mutum shida zuwa takwas ɗali'a, shugabansa arif, taken kowa da kowa kuwa "kun musta'iddan", wato zauna cikin shiri.

Yanayin ƙasa ne ke yanke lokacin fita, ba sha'awar jagora ba. Ƙasar da ke tsakanin Sinnar da Gadarif baƙar laka ce, wadda da damina, daga Yuni zuwa Oktoba, take zama taɓo mai riƙe tayar lori kwana da kwanaki, da rani kuma ta dare ta yi manyan tsaga. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, ga guguwar ƙura da ake kira habub, wadda ke iya tumɓuke tanti cikin ɗan lokaci. Saboda haka lokacin ɗari, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne ya fi dacewa, ko da yake sanyin asuba a fili yakan ba wanda ya zo da mayafi ɗaya mamaki. Ga 'ya'yan manoma akwai wani ƙarin sharaɗi, domin da wuya uba ya saki ɗansa kafin a gama yankan dawa da riɗi.

Wuraren da suka dace da irin wannan fita suna da yawa a gabashin ƙasar. Akwai bakin kogin Nilu mai gangarowa daga Habasha, kusa da madatsar ruwan Sinnar da aka kammala a 1925, ba nisa da garin Mai Wurno, wanda Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ya kafa tare da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903. Akwai duwatsun Taka da suka yi wa Kasala rumfa, da kuma gandun dajin Dindir a kan iyakar Habasha, wanda aka keɓe tun 1935 kuma faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 10,000. Dindir na da zakuna da ɓauna da gwanki da tsuntsaye masu tarin yawa a bakin fadamunsa, amma ba a shigarsa sai da rani, kuma sai da izini da rakiyar ma'aikatan gandun.

Zaɓen wurin kafa tanti shi ne darasi na farko, kuma a nan ake gane jagoran da ya san daji. Ba a sauka a cikin busasshen kwari komai laushin yashinsa, domin ruwan da aka yi a kan tudun Iritiriya ko Habasha kan iso ba tare da hadari ya haɗu a sama ba, kamar yadda kogin Gash ke yi wa Kasala. Ba a kuma kwana a ƙarƙashin kurmin aduwa da itatuwan ƙaya a kan tsattsagaggiyar laka, saboda a yankin Gadarif nan ne matattarar ɗan ƙaramin ƙudan da ke cizo da dare yana sa cutar kala'azar. Gidan sauro mai ƙananan ƙofofi wajibi ne. Ana hana yara wanka a magudanun ban ruwa na Jazira, yankin noma da ke tsakanin rassan kogin Nilu biyu, saboda tsargiya, ana kuma koya musu su kakkaɓe takalmi kafin su zura ƙafa da safe, domin kunama na son ɗumin cikinsa.

Ranar zango na farawa da kiran sallar asuba. Wani abin lura shi ne, Bahaushen da ya saba cewa "fuskantar gabas" idan yana nufin alƙibla, a Sinnar sai ya karkata arewa maso gabas, don haka fitar da alƙibla da kamfas ko da tauraron arewa, wanda ke can ƙasa-ƙasa kusa da sararin ƙasa, yakan zama darasin taswira na farko. Bayan shayi sai a busa usur, kowace ɗali'a ta jeru da ɗankwalinta a wuya, a ɗaga tuta, jagora ya zaga ya duba tanti da murhu da ramin shara. Daga nan a shiga aikin yini: ɗaurin igiya iri-iri, haɗa gada ko hasumiya da sanduna ba tare da ƙusa ba, agajin gaggawa, da tafiyar ƙafa ana bin alamun da aka jera da duwatsu. Abinci ba ya wuce ful da adas, waɗanda dangin wake ne, da burodi, ko asida, wato tuwon Sudan, da miyar busasshiyar kuɓewa, kuma arif ne ke raba aikin ɗebo ruwa a jarka, da hura wuta, da wanke tukunya. Da dare a kewaye wuta domin hirar da ake kira samar, inda waƙoƙin Larabci ke cakuɗuwa da tatsuniya da kacici-kacici na Hausa.

Gaskiyar magana, yaron da ya tashi a ƙauyen bakin kogi ba ya buƙatar a koya masa hura wuta da ƙirare uku ko gane sawun kura. Sau da yawa shi ke gyara wa ɗan birni turke idan ƙasa ta ƙi riƙewa. Abin da zango ke ƙara masa shi ne tsari da riƙon amana: kiyaye lokaci, lissafin guzuri, karɓar umarni daga sa'ansa, da kwana tanti ɗaya da yaran wasu ƙabilu waɗanda a gari unguwa ta raba su. Iyaye kuwa sukan fi sakin jiki idan malamin makarantar da suka sani ne zai jagoranci tafiyar, kuma kuɗin mota da na abinci yawanci karo-karo ake yi.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, ya katse wannan harka a sassa da dama. An rufe makarantu na tsawon watanni, da yawa daga cikinsu suka koma masaukin 'yan gudun hijira, kuma a tsakiyar 2024 faɗa ya kai jihar Sinnar har garuruwan Sinja da Dindir, wato hanyar da ake bi zuwa gandun dajin.