Haɗa ma'ajiyar bayanan kanti da babban rumbu: tambayoyi da amsoshi

Dillalan shinkafa da ke da rassa a Birnin Kebbi, Argungu da Jega kan so su wayi gari da lissafin jiya a gabansu. Matasan da ke kula musu da kwamfuta ne ke yawan kawo waɗannan tambayoyin.

Tunda kowane reshe yana da ma'ajiyar bayanansa a kwamfuta, mene ne amfanin babban rumbu, wato inda ake tara bayanan duk rassa?

Ma'ajiya irin MySQL ko PostgreSQL aikinta hidimar yau: a rubuta ciniki, a rage buhu, a buga rasiti. Da maigida ya ce a tattaro cinikin shekara uku, sai ta yi nauyi, mai karɓar kuɗi ya zuba wa allo ido, ga masu saye sun yi layi. Babban rumbu irin BigQuery na Google, Redshift na Amazon ko Snowflake don irin wannan tonon aka gina shi.

Yaya ake haɗa su?

Manhaja irin Airbyte ko Fivetran ce ke jigila. Za ka ba ta adireshin na'urar, lambar ƙofa (3306 ga MySQL, 5432 ga PostgreSQL), suna da kalmar sirri. Ka buɗe mata asusu na musamman mai izinin karatu kawai, kada ka ba ta na shugaba mai cikakken iko a kan ma'ajiyar. Kada kuma ka bar ƙofar a buɗe ga duk intanet, ka bi ta SSH, wato kulallen hanyar da ke ɓoye bayanai tsakanin na'urori biyu. Akwai sunaye da lambobin wayar kwastomomi a ciki, amana ce, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora maka nauyin tsare su.

A kwashe komai kullum, ko sabon abu kawai?

Ƙaramin jadawali kamar na farashi, kwashe shi gaba ɗaya, ba asara. Na ciniki kuwa kullum ƙaruwa yake, don haka a ɗauki abin da ya canza tun lodin ƙarshe, ta duba lokacin da aka taɓa kowane layi. Amma nan akwai tarko. Idan akawun Jega ya goge rasitin da aka rubuta bisa kuskure, layin ya ɓace, manhajar ba za ta gan shi ba balle ta sanar da rumbu. Sai buhu hamsin da ba a sayar ba su zauna cikin rahoton maigida. Mafita biyu ce: a daina gogewa, a riƙa sa alamar "an soke", ko a karanta littafin canje-canje na ma'ajiyar kanta, wato binlog a MySQL da WAL a PostgreSQL. Ni na fi son ta farko ga ƙananan kamfanoni, domin tana barin sawu ga mai binciken kuɗi.

Wane lokaci ya dace a yi lodi?

An saba cewa tsakar dare. A cron, manhajar da ke tada aiki a lokacin da aka sa mata, 0 2 * * * na nufin ƙarfe biyu na dare kullum. Sai dai a duba: idan an kashe janareta bayan isha'i, kwamfutar reshe a kashe take a lokacin. Gara a sa lodin daidai tashi daga kanti, ko a tanadi sola da batir. A lura kuma, na'urorin waje galibi da agogon duniya na UTC suke aiki, mu kuwa muna gabansa da awa ɗaya. Idan ba a gyara ba, abin da aka rubuta ƙarfe sha biyu da rabi na dare sai ya faɗa lissafin jiya.

Idan intanet ta yanke ana tsakiyar lodi fa?

Za ta yanke, sai a shirya mata. Kowane rasiti ya zama yana da lamba tasa, haɗe da lambar reshe, don 1045 na Argungu kada ya danne 1045 na Jega. A yi amfani da umarnin MERGE: wanda ke nan a sabunta shi, wanda babu a ƙara. Ko sau uku aka maimaita, lissafi ba zai ninka ba. Apache Airflow, wani tsarin kula da jerin ayyuka irin lodi, na iya sake gwadawa da kansa, ya aiko da saƙo idan abin ya faskara. A saman rahoton kuma a rubuta lokacin lodi na ƙarshe, don maigida ya san ko na jiya yake kallo ko na shekaranjiya kafin ya yi odar mota.