Agogon da ka gada, shekararsa nawa?

Na gaji Seiko 5 daga mahaifina, ba kwali ba rasit. Ta ina zan gane lokacin da aka ƙera shi?

Juya shi ka dubi murfin baya. Akwai lamba mai gurbi shida. Gurbin farko shi ne lambar ƙarshe ta shekara, na biyu kuma wata: 1 zuwa 9 Janairu ne zuwa Satumba, sai O na Oktoba, N na Nuwamba, D na Disamba. A ce ka ga 4N2817, to a Nuwamba aka yi shi, a shekarar da ta ƙare da 4.

To 1984 ke nan ko 2004?

Nan gizo ke saƙa. Wannan lambar ba ta rabe maka, sai ka nemi lambar inji, wadda ita ma tana jikin murfin, kuma sau da yawa an rubuta ta da ƙananan baƙaƙe a ƙasan fuskar agogon, kusa da ƙarfe shida. Injin 6309 ya yi zamaninsa daga 1976 zuwa 1988, don haka in shi ne a ciki, naka na 1984 ne. Shi kuwa 7S26 sai a 1996 ya fito, ka ga sai dai 2004 ko 2014.

Rolex fa?

Tsofaffin sai ka cire sarƙar, lambar na ɓoye a gefen ƙarfe shida. Amma daga 2010 kamfanin ya koma ba da lambobi barkatai, ba sa nuna shekara. Nan katin garanti kaɗai zai fisshe ka.

In lambar ta goge?

Sai bin alamu. Agogon kwatz mai batir bai riga Disamban 1969 ba, lokacin da Seiko ya fito da Astron. Wanda aka rubuta wa West Germany bai wuce 1990 ba, mai USSR kuma 1991. In ka ga "T Swiss Made T", sinadarin da ke sa hannayen haske cikin duhu ake nufi, an yi yayinsa tun shekarun 1960 har wajen 1998.

Murfin zai iya yaudarata?

Ƙwarai kuwa. Mai gyaran agogo kan ciro murfi ko fuska daga mataccen agogo ya ɗora wa wani, ba don cuta ba, don dai aiki ya tashi. Shi ya sa na fi yarda da injin. Ka sa a buɗe shi a gabanka, ka gwada lambar da ke ciki da ta murfin.